Filin Gareji: Mota Lafiya Lau a Cikin Gari, Amma Ta Ƙi Ja a Babbar Hanya

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan matsala ɗaya, wato motar da take raguwar ƙarfi da zarar an hau babbar hanya. Mun zaɓi guda biyar, makanikai da masu gyaran wutar mota da ke taimaka wa wannan fili suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2006 mai giyar otomatik. A cikin gari ba ni da matsala da ita, tashi ɗaya take yi. Amma idan na hau hanyar Zariya zuwa Kano, da na kai kilomita 80 ko 90 sai ta yi nauyi, in taka totur har ƙasa ba ta ƙara komai, wani lokaci ma ta riƙa fizga. Na canja fulogi, na wanke nozil sau biyu, babu canji. (Daga wani mai karatu a Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara da sanin dalilin da ya sa matsalar take ɓuya a gari. Ƙarfin da mota take buƙata don keta iska yana ƙaruwa fiye da yadda gudun yake ƙaruwa: idan ka ninka gudu daga 60 zuwa 120, ƙarfin da za a kashe wajen tura iska kaɗai zai ninku sau takwas. A cikin gari injin ɗan mai kaɗan yake sha, ɗan hayaƙi kaɗan yake fitarwa, saboda haka famfon mai da ya gaji ko salansar da ta toshe rabi za su iya ɗaukar aikin. A babbar hanya ce ake neman su ba da duk abin da suke da shi, a nan asirinsu yake tonuwa.

Kafin ka sake sayen komai, ka kalli allurar da ke nuna juyin inji lokacin da motar ta ƙi ja. Idan ka taka totur allurar ta haura zuwa 4,000 ko 5,000, injin yana ihu amma gudu bai ƙaru ba, matsalar giya ce. Idan kuwa allurar ta tsaya wuri ɗaya ta ƙi hawa, injin ne ya rasa ƙarfi. Fizgar da ka ambata ta sa muka fi zargin na biyun, kuma a cikinsa mun fi zargin mai.

Corolla irin taka, mai injin 1ZZ-FE, tana son matsin mai tsakanin psi 44 zuwa 50. A sa gejin auna matsin mai a bututun da ke shiga layin nozil. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a auna motar tana tsaye a silo, wato injin yana aiki ba a taka totur ba, a ga 45, a ce famfo lafiya. Famfon da ya gaji yana iya riƙe 45 a silo, ya faɗo zuwa 30 da zarar an ɗora masa nauyi. A taka totur da ƙarfi ana kallon gejin, in da hali a fita da motar kan hanya, mutum ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana kallo. Matsin bai kamata ya faɗi ba. In ya faɗi, abubuwa uku za a duba.

Na farko matatar mai. A wannan motar ba a waje take ba, tana cikin tanki tare da famfo, ƙarƙashin kujerar baya, shi ya sa ake shekara da shekaru ba a taɓa ta ba. A ciro famfon gaba ɗaya, a duba ragar da ke bakinsa da matatar kanta. Idan ragar ta koma baƙa ko ruwan ƙasa, a canja, kuma a leƙa cikin tankin. Mai sayen fetur a galan a bakin hanya zai tarar da yashi da tsatsa da ruwa a ƙasan tanki, in ba a wanke tankin ba sabuwar matatar ma ba za ta daɗe ba. Na biyu wutar da ke zuwa famfon. Injin yana aiki, a auna a soket ɗin famfon, ya kamata a samu kusan abin da ke kan batir, wato bolt 13 da rabi zuwa 14. Idan aka samu 11, waya ce ko rile ko ƙonannen soket, kuma sabon famfo ba zai warkar da shi ba. Na uku famfon kansa. A nan muna ba da shawara a sayi na ainihi. Ƙananan famfunan da ake sayarwa da araha da yawa suna ba da matsi amma ba sa ba da yawan man da ake buƙata, mota ta yi wata biyu ta koma gidan jiya. Ka kuma daina barin mai yana sauka ƙasa da kwatan tanki, domin fetur ɗin ne yake sanyaya famfon.

Idan matsin mai ya tsaya daidai, a koma kan na'urar auna iska, wadda makanikai ke kira iyafulo mita, tana maƙale a bututun da ya fito daga akwatin iya kilina. A cikinta akwai wata 'yar siririyar waya mai zafi. Ƙurar hunturu takan lulluɓe ta, sai ta riƙa gaya wa burenbos, wato kwamfutar mota, cewa iskar da ke shiga kaɗan ce, shi kuma ya rage mai. A silo bambancin ba ya da yawa, a gudu ne yake girma. A kwance sukurori biyun, a fesa mata maganin wanke ta na musamman, a bar ta ta bushe minti goma. Kada a taɓa wayar da hannu ko buroshi, kada a wanke da fetur, kada a hura mata iskar kwamfuresa. Iya kilinar kuma a ɗaga ta a rana, in haske bai ratsa ba a canja. Kaɗe ta da hura ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardar, ƙura ta wuce kai tsaye cikin inji.

Akwai hanyar gajarta duk wannan idan makanikinka yana da sikana kuma ya iya karanta ta, ba goge kod kawai ba. Ya buɗe wurin da ke nuna gyaran mai na dogon lokaci, wanda ake rubutawa LTFT. Lafiyayyen inji yana zama kusa da sifili, bai cika wuce 10 cikin ɗari ba. Idan a silo yana daidai amma ya haura 15 ko 20 a lokacin gudu, mai ne ba ya isa ko iyafulo mita ce take ƙarya. Idan a silo ne yake sama, ya sauko da an taka, iska ce take shiga ta wani tsagaggen roba bayan mitar, kuma wannan ba ita ce matsalarka ba. Kod ɗin da kan biyo wannan shi ne P0171.

TAMBAYA: Camry ɗina ƙirar 2008 da safe tana gudu sosai, amma bayan tafiyar kamar minti ashirin sai ta fara shaƙewa, har ta kasa wuce 70. In na tsaya ta huce sai ta ɗan dawo. Makanike ya ce indomi ne, a fasa a zubar. In yarda? (Wata mai karatu daga Kaduna)

AMSA: Hajiya, alamun da kika faɗa sun yi daidai da toshewar indomi, amma kada ki yarda a fasa kafin a gwada, domin famfon mai da ya gaji shi ma yana yin haka idan ya yi zafi. Indomi wani tubali ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma a cikin salansa, aikinsa ƙone gubar da ke cikin hayaƙi. Idan ya narke ko ya cushe, hayaƙi ba ya samun hanyar fita, injin da bai fitar da tsohon hayaƙi ba kuwa ba zai shaƙi sabuwar iska ba.

Gwaji mafi inganci shi ne a kwance sensar iskar oksijin ta gaba, wadda ke kafin indomi, a ɗaura gejin matsi a raminta. A silo kada ya wuce psi 1 da rabi, a juyi 2,500 kada ya wuce psi 3. In ya kai 5 ko 8, ya toshe. Wanda ba shi da wannan gejin yana iya amfani da gejin zuƙar iska a manifol: lafiyayyen inji yana ba da inci 17 zuwa 21 a silo, a riƙe totur a 2,500, in allurar ta riƙa sauka a hankali, salansa ta toshe. Akwai kuma gwajin gareji, a bar ramin sensar a buɗe a ɗan zaga da motar. In ƙarfi ya dawo, an gane. Amma zagayen ya zama gajere ƙwarai, domin hayaƙin da ke fita ta ramin yana iya ƙona wayoyi da robobin da ke kusa.

Abin da muke so ki riƙe shi ne, indomi ba ya mutuwa haka kawai, wani abu ne yake kashe shi. Ko dai inji yana mis, wato wata silinda ba ta ƙone manta, ɗanyen fetur yana gangarawa ya kama da wuta a cikinsa ya narkar da shi, ko kuma inji yana shan baƙin mai, tokar man ta cushe ramukan. Camry na 2007 zuwa 2009 masu injin 2AZ-FE an san su da shan baƙin mai ta ringi. Ki sa a riƙa duba sandar mai duk kilomita 1,000. In yana raguwa sosai, sai an gyara wannan, in ba haka ba sabon indomin ma zai bi tsohon.

Game da fasawa, ba mu goyon baya. Motar za ta ja, gaskiya ne, amma wutar cek za ta kama da kod P0420 ta zauna, daga nan ba za ki ƙara sanin lokacin da wata sabuwar matsala ta taso ba, ga hayaƙi mai wari da yaran da ke kujerar baya za su riƙa shaƙa a cunkoso. Sau da yawa ma ɓaraguzan suna gangarawa su toshe tukunyar salansa ta baya. A sa wani mai kyau ya fi. Kuma ki karɓi tsohon ki tafi da shi, domin yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su falatinam, akwai masu saye. Wannan kuɗin ne yake sa wasu saurin cewa a cire indomin da lafiyarsa ƙalau.

TAMBAYA: Ina jan Golf 3 haya tsakanin Jos da Akwanga. A Hawan Kibo injin yana ƙara sosai amma motar ba ta tafiya, ina kuma jin ƙauri. A shimfiɗaɗɗiyar hanya da sauƙi. (Wani direba daga Jos)

AMSA: Direba, kulocinka ne yake silif, ƙaurin da kake ji na faifan kuloci ne yana ƙonewa. Ka gwada a hanya mai kyau: kana tafiyar 50 ko 60, ka sa giya huɗu ko biyar, ka taka totur ƙasa. In juyin inji ya tashi nan take gudu bai bi shi ba, an gama magana. Ka fara duba wayar kuloci ko ta ɗaure da yawa, domin in babu ɗan wasa a feda, kulocin ba ya sakin jiki ya kama sosai. In wayar daidai take, sai sauke giya. A canja faifai da farantin matsi da boris ɗin rilis tare, kada a canja faifai kaɗai. A duba fuskar filawil, in ta yi shuɗi ko ta tsattsage a gyara ta, a kuma duba sil ɗin bayan inji, domin baƙin mai in yana ɗiga kan faifai sabo ma zai yi silif. Ka daina riƙe mota a kan tudu da rabin kuloci, ka yi amfani da birkin hannu.

Wani abu kuma da ba ciwo ba ne: Jos tana kan tsayin mita 1,200 da 'yan kai daga teku, injin da ba shi da tobo kuwa yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iskar sama ba ta da kauri. Ko lafiyayyar mota a Jos ta rasa kusan kashi goma sha biyu na ƙarfin da take da shi a bakin teku. Ka haɗa da fasinja da buhunan dankali a but da kan kariya, dole ka sauko giya uku ko biyu a hawan, kada ka matsa mata a giya babba.

Masu otomatik da ke ganin irin wannan alamar, su fara da abu mafi sauƙi. Akwai ɗan maɓalli a jikin sandar giyar tsofaffin Toyota, in an danna shi bisa kuskure sai O/D OFF ya haska a dashbod, motar ta ƙi shiga giya ta huɗu. Maimakon juyi kusan 2,500 a gudun 100, sai ka ga ta haura 3,500 tana shan mai. In ba shi ba ne, a zaro sandar man giya motar tana da zafi. Man ya zama ja mai haske. In ya yi baƙi yana ƙauri, faifan cikin giyar sun fara ƙonewa. Kowace giya da man da aka ƙera ta da shi: tsofaffin Corolla da Camry T-IV, waɗanda suka biyo baya WS, Honda kuma DW-1. Zuba kowane irin jan mai da aka samu a kasuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe giya a garuruwanmu.

TAMBAYA: Honda Accord 2005 ce. Duk lokacin da na taka zan wuce tirela sai ta riƙa karkarwa, wutar cek tana kiftawa, da na sassauta sai ta daina. (Mai karatu daga Katsina)

AMSA: Alhaji, wutar cek mai kiftawa ba ɗaya take da wadda ta kama ta tsaya ba. Kiftawa na nufin inji yana mis a daidai lokacin, har ya kai matakin lalata indomi. Ka ɗaga ƙafa duk lokacin da ka gan ta, kuma ka daina wuce manyan motoci har sai an gyara, domin motar da ta yanke ƙarfi kana gefen tirela haɗari ce ga rai.

Dalilin da ya sa sai a lokacin taka totur take yi shi ne, matsin cikin silinda yana ƙaruwa, tartsatsin fulogi kuma yana buƙatar wuta mai ƙarfi kafin ya tsallaka. Kwayil mai rauni yana iya aikin silo, ya kasa wannan. A sa sikana. P0301 zuwa P0304 suna nuna silindar da ke mis, lambar ƙarshe ita ce silindar. A ɗauke kwayil ɗin wannan silindar a musanya da na maƙwabciyarta, a goge kod, a sake tuƙi. In kod ya bi kwayil ɗin, shi ne mai laifi, shi kaɗai za a saya. In ya tsaya inda yake, a musanya fulogi, sannan nozil, sannan a auna kwamfureshan. Silindar da ta yi ƙasa da 'yan uwanta sosai tana nuna bawul ko ringi. Injin Honda irin wannan yana buƙatar a riƙa saita bawul, ana kuma yawan mantawa da hakan. A leƙa ramin fulogi ma, in akwai baƙin mai kwance a ciki, gasket ɗin murfin saman inji ne ya saki, man yana janye wutar.

Fulogi a sa irin wanda kamfani ya rubuta, mai tazarar milimita 1.1. Na iridiyam na ainihi yana kai kilomita 100,000, na gama-gari kuwa 30,000 zuwa 40,000. Jabun iridiyam sun cika kasuwa, kwalinsu kamar na gaske, bakinsu yana cinyewa cikin 'yan watanni. In farashin saiti huɗu ya yi kusa da na fulogi gama-gari, ka bar shi.

In kuma babu mis amma motar ta yi laushi, aka ga P0325, sensar nok ce, wadda ke jin ƙwanƙwasar inji, ko wayarta. Burenbos in ya daina jin ta sai ya ja tayimin baya don kare injin, ƙarfi ya ragu a bayyane. Ɓeraye suna yawan cin wannan wayar.

TAMBAYA: Hilux ɗina na dizal, mai injin 2KD, ya daina wuce 90 a hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, yana baƙin hayaƙi idan na taka. Sikana ba ta nuna komai ba. (Mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: Malam, a injin dizal launin hayaƙi yana faɗin inda za a duba. Baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi na nufin mai yana shiga amma iska ba ta isa. Rashin ƙarfi babu hayaƙi na nufin man ne ba ya isa. Kai naka iska ce.

Ka fara da iya kilina, domin rairayin wannan yankin yana cika ta tun kafin lokacin da littafin mota ya faɗa. Daga nan ka bi robobin da suka taso daga tobo zuwa intakula zuwa inji, kana matsa su da hannu. Tsaga 'yar ƙarama tana rufewa a silo, ta buɗe idan tobo ya fara turo iska, za ka ji fito kamar na taya mai sacewa, za ka kuma ga danshin baƙin mai a wurin. A duba kilif ɗin kowace mahaɗa. Sai bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji. Baƙin kunkunniya yana haɗuwa da tururin mai ya zama kamar kwalta, ya maƙale bawul ɗin a buɗe, ya kuma rage faɗin manifol. A kwance su a wanke, tare da sensar matsin iska da 'yar robarta. Tobo shi ne na ƙarshe: a cire bututun gabansa injin yana kashe, a taɓa farfelar. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma kada ta gogi bango, kada ta yi motsi gaba da baya.

Duk da haka ka canja matatar dizal ka zubar da ruwan da ya taru a ƙasanta, domin ruwa yana cinye nozil da famfon wannan injin, su kuma gyaransu yana da tsada ƙwarai.

Akwai gwaji biyu da ba sa cin ko sisi, sun shafi duk waɗanda suka rubuto mana. Bayan tafiyar kilomita goma ba tare da yawan birki ba, a tsaya a kusantar da bayan hannu ga kowace ƙafa ba tare da taɓawa ba. Wadda ta fi sauran zafi birkinta yana kamawa, galibi fil ɗin kalifa ne ya bushe ko wayar birkin hannu ta maƙale, a kwance a wanke a sa musu giris na birki. Sai iskar taya, a auna da safe kafin a fita, a bi adadin da ke rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. A ƙananan motoci yawanci psi 30 zuwa 33 ne, Hilux mai kaya kuwa ƙafafun bayansa suna son fiye da haka, adadin yana nan a takardar.